Matsayin Taurari Masu Naƙasa a Littattafan Yara na Hausa: Tsokaci ga Marubuta da Masu Tsara Manhaja

1.0 Gabatarwa

A aikinmu na tantance littattafan karatu da ake neman shigarwa cikin manhajar Hausa ta makarantun firamare da ƙananan sakandare, mun saba da duba abubuwa uku, wato kiyaye ƙa'idojin rubutu, da dacewar kalmomi da shekarun mai karatu, da kuma irin tarbiyyar da labari yake ɗauke da ita. Akwai abu na huɗu wanda ba kasafai ake tanadar masa gurbi a takardar tantancewa ba, shi ne irin matsayin da marubuci ya ba makaho ko kurma ko gurgu ko kuturu a cikin labarinsa. A kan wannan batu ne wannan tsokaci ya taƙaita.

Sau da yawa akan ji ana kira ga marubuta da su riƙa sanya masu naƙasa a littattafan yara, kamar dai a ce da can babu su. Mu a namu nazarin, adabin Hausa bai taɓa rasa su ba, domin suna nan birjik a tatsuniya da karin magana da ƙagaggen labari. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne rawar da aka ba su su taka. Za mu dubi abin da muka gada, da sigogin da ke ta maimaituwa a sababbin rubuce-rubuce, sannan mu kawo ma'aunan da muke ganin za su taimaki malami da mai tsara manhaja wajen zaɓen littafi.

2.0 Dangantakar Batun da Manhaja

Tun a Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977, da gyare-gyaren da aka yi masa a 1981 da 1998 da 2004, an keɓe sashe ga ilimin yara masu buƙata ta musamman. Sanarwar Salamanka ta 1994 ta ƙarfafa ra'ayin cewa a koyar da irin waɗannan yara a aji ɗaya da sauran 'yan'uwansu. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa a shekarar 2010, kuma a watan Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar 2018 da ta haramta nuna musu bambanci. Wannan doka ta tanadi cewa makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kuma ta hana amfani da mai naƙasa wajen yin bara. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, kimanin mutum 1 cikin kowane 6 a duniya yana rayuwa da wata naƙasa.

Ma'anar wannan ga malamin Hausa ita ce, yaron da ake ba da labarinsa a littafi yana iya kasancewa zaune a gabansa a cikin aji. Idan aka karanta labarin da gurgu ya zama abin dariya, to akwai yaron da idon 'yan aji duka zai koma kansa, kuma shi zai fita da sunan zuwa filin wasa. Bayan haka, akwai ɗaliban da ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu a makarantun kudancin ƙasar nan. Da yawansu abin da suka fara sani game da Bahaushe mai naƙasa shi ne wanda suke gani yana bara a bakin titi ko a tashar mota a Legas ko Ibadan ko Anaca. Idan littafin Hausa da aka ba su ya sake nuna musu wannan hoton kaɗai, to manhaja ta tabbatar musu da gurguwar fahimta a kan masu naƙasa da kuma a kan al'ummar da suke koyon harshenta.

3.0 Abin da Muka Gada

3.1 Karin Magana da Tatsuniya

Karin magana na daga cikin abubuwan da ake fara koyarwa a darasin adabin baka, kuma masu naƙasa sun yawaita a cikinsa. Akan ce, "Da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi," da "Makaho ya rasa ido ya ce ido na wari," da "Gurgu ka fi mai ƙafa ban haushi." Akwai kuma "Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano." Idan aka lura, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya liƙa wa rukunin mutane wata ɗabi'a guda, ta yadda aka wayi gari ana ɗaukar kuturu mai saurin fushi, makaho mai ƙyashi, gurgu kuma mai tsokana. Na ƙarshen ne kawai ya nuna mai naƙasa yana da iko da sha'aninsa, shi ma ɗin kuɗi ne suka saya masa wannan iko.

Ba muna cewa a share waɗannan karin magana daga manhaja ba ne, domin taskar harshe ce, kuma ɗalibi zai ji su a gida da kasuwa ko an koya masa ko ba a koya masa ba. Abin da muke cewa shi ne, littafin da ya jero su ba tare da ya buɗe ƙofar tattaunawa a kansu ba, ya bar wa malami aiki rabi da rabi. Tambaya ɗaya a ƙarshen darasi, kamar a ce, "Shin duk makafin da ka sani haka suke?" ta isa ta mayar da darasin hadda ya zama darasin tunani.

A tatsuniya kuwa, babban misali shi ne Gizo. Sanannen abu ne cewa Gizo yana da tsamin baki, kuma gwanar mai ba da tatsuniya takan kwaikwayi maganarsa don yara su yi dariya. A nan an haɗa matsalar furuci da wayo da zalama da ha'inci a jikin tauraro ɗaya. Sai dai a yi wa tatsuniya adalci, Gizo tauraro ne cikakke, yana da buri, yana ƙulla dabara, yana cin nasara yana kuma faɗuwa, kuma labari ba ya tafiya sai da shi. Ta wannan fuska ya fi "wani makaho" da "wani kuturu" da kan ɓullo a tatsuniyoyi ba suna ba dangi, a yi musu sadaka ko a zalunce su, su sa albarka ko su yi baki, daga nan kuma a neme su a rasa. Irin waɗannan an kawo su ne don a auna halin wani tauraro, ba don su kansu ba.

3.2 Rubutaccen Adabi

Littafin da ya fi dacewa a yi nazari a wannan fage shi ne Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a shekarun 1950, kuma ya daɗe ana karanta shi a makarantu. Masana sun nuna cewa tushen labarin shi ne hikayar jarumin Rasha Iliya Muromets. Iliya ya taso ba ya iya tafiya, har ranar da wasu baƙi suka zo masa, ya samu lafiya da ƙarfi na ban mamaki ta hannunsu, daga nan ya fita duniya ya shiga hidimar Sarki Waldima. Littafi ne mai daɗin karatu da armashin harshe, kuma ba mu ga dalilin raba ɗalibai da shi ba. Amma idan aka dubi zubinsa, za a ga cewa rayuwar Iliya ta gurgunta shimfiɗa ce kawai, labari bai soma ba sai da ya miƙe tsaye. Yaron da ke zuwa makaranta a kan keken guragu, wanda babu baƙin da za su zo su tashe shi, darasin da zai ɗauka shi ne nasa labarin ba zai taɓa farawa ba.

Wannan zubi ba na Hausa kaɗai ba ne. A hikayar Sunjata, wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13, jarumin ya yi ƙuruciya yana jan ƙasa kafin ya miƙe. A littafin Heidi na Johanna Spyri, wanda ya fito a Jamus a 1880 da 1881, yarinyar da ke kan keke ta tashi ta yi tafiya kafin a rufe labari. Wato dai al'ummu da dama sun ɗauka cewa kyakkyawan ƙarshe ba ya samuwa sai naƙasa ta gushe.

Abin mamaki shi ne, tarihin adabin Hausa kansa ya ƙaryata wannan zato. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya ya makance tun yana ƙaramin yaro, kuma da makantarsa ya yi karatu mai zurfi, ya tsara waƙoƙin Infiraji waɗanda suka shiga manhajar sakandare da jami'a, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1990 yana makaho. Haka kuma, tsarin sarautun gargajiya ya san da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ke shugabanci da sasanta rigingimu a tsakanin jama'arsu, a birane irin su Kano har ma da unguwannin Hausawa irin su Sabo ta Ibadan. Ke nan rayuwa ta ba marubuci kayan aikin da ƙagaggen labari bai yi amfani da su ba tukuna.

4.0 Sigogin da ke Maimaituwa a Sababbin Rubuce-rubuce

Daga cikin rubuce-rubucen da kan zo hannunmu don tantancewa, mun lura da sigogi huɗu da ke yawan dawowa. Marubutan galibi da kyakkyawar niyya suke rubutu, shi ya sa ma kuskuren yake da wuyar ganewa.

Siga ta farko ita ce ta abin tausayi. A nan tauraron gaskiya yaro ne mai lafiya, wanda ya tsallakar da makaho titi ko ya ba gurgu kuɗin tararsa, sai malami ya yabe shi a gaban 'yan aji. Mai naƙasar ba ya furta komai sai godiya da addu'a. Tausayi hali ne nagari, kuma ya kamata a koyar da shi. Illar ita ce, idan wannan ce kaɗai sigar da yaro ya sani, zai girma yana ganin mai naƙasa a matsayin hannun karɓa, ba zai taɓa kawo shi a ransa a matsayin abokin gardama ko malami ko maigidan da zai ɗauke shi aiki ba.

Siga ta biyu ita ce ta horo, inda naƙasa ke zuwa a matsayin sakayyar laifi. Yaro ya ƙi jin maganar iyaye ya hau mangwaro, ya faɗo ya gurgunce, ko kishiya ta yi makirci ta makance a ƙarshen labari. Wannan ita ce mafi hatsari, domin ɗan aji uku zai juya lissafin da kansa, ya ce duk wanda ya gani da naƙasa wani laifi ya yi. Muna ganin duk littafin da ya ginu a kan wannan siga bai cancanci shiga jerin littattafan makaranta ba sai an gyara shi.

Siga ta uku ita ce ta waraka, wadda muka gani a Iliya Ɗanmaiƙarfi. A sabon salo, likita daga birni ko wani attajiri ne ke maye gurbin baƙin nan. Gaskiya ne akwai lalurorin da ake warkarwa, kamar yanar ido da ake yi wa aiki, kuma babu laifi a rubuta labari a kansu. Amma kurumtar da sanƙarau ya haddasa ko ƙafar da shan inna ya shanye ba sa komawa yadda suke, kuma littafin da ya yi wa yaro alkawarin abin da ba zai samu ba ya yaudare shi.

Siga ta huɗu ita ce ta gwarzon da babu kamarsa. Don gudun sigogin baya, sai marubuci ya ƙirƙiro makahon da ke zuwa na ɗaya a kowace jarrabawa, ba ya fushi, ba ya ƙarya, ba ya gajiya. Irin wannan labari yakan rufe da zancen nan da ya yaɗu, wai "Babu naƙasasshe sai kasasshe." Zancen yana da amfaninsa wajen zaburarwa, amma ya ɗora wa yaro nauyin duka a kansa. Yaron da makarantarsu ke da matakala ba hanyar keke, ko wanda babu malamin da ya iya maganar hannu a ajinsu, idan ya faɗi jarrabawa ba shi ne ya kasa ba. Ban da haka, wannan siga tana nuna cewa sai mai naƙasa ya fi kowa kafin a karɓe shi, alhali sauran yara ana karɓarsu a matsakaitansu.

5.0 Zaɓen Kalmomi

An yi ta muhawara a kan kalmar da ta dace, tsakanin "naƙasassu" da "musakai" da "masu buƙata ta musamman" da "masu lalura ta musamman". Ta fuskar ginin kalma, "naƙasasshe" siga ɗaya take da "karyayye" da "lalatacce", wato tana siffanta abu gaba ɗayansa da halin da ya auka masa. "Mai naƙasa" kuwa ta bar mutum a matsayinsa, ta danganta masa abu ɗaya daga cikin abubuwan da yake da su, kamar yadda ake cewa mai gemu ko mai shago. Wannan ne dalilin da ya sa muka fifita ta a wannan rahoto. "Masu buƙata ta musamman" ta dace da takardun hukuma, amma ta yi tsawo kuma ta yi duhu ga ɗan firamare, domin ba ta gaya masa ko yarinyar ba ta gani ne ko ba ta ji ba.

Kalmomin makaho da kurma da gurgu kalmomi ne na asali, kuma masu su suna kiran kansu da ƙungiyoyinsu da sarakunansu da su. Aibin yana zuwa ne idan kalmar ta maye gurbin suna. Idan kowane yaro a labari yana da suna, Audu da Binta da Ladi, sai ɗaya kawai ake kira "gurgun", to marubuci ya riga ya ware shi tun kafin ya ce komai. Haka kuma a kula da bambancin kurma da bebe. Akasarin waɗanda ake kira bebaye kurame ne, kuma suna da harshensu. Maganar hannu ta Hausawa harshe ce mai tsari, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta kuma wallafa littafi a kanta a 2000. Saboda haka kuskure ne a rubuta cewa kurma "ba ya magana", ko a nuna shi yana 'yan nune-nune marasa ma'ana.

6.0 Sahihancin Bayani

Littafin yara yakan zama wurin da yaro ke fara samun bayani a kan wata cuta, don haka wajibi ne bayanin ya zama daidai. Sunan "shan inna" kansa yana ɗauke da tsohon imani cewa iska ce ke shanye ƙafar yaro, alhali ƙwayar cuta ce da rigakafi ke hanawa. An ga na ƙarshen wanda ya kamu da ainihin ƙwayar a Nijeriya a Jihar Barno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ita daga nahiyar Afirka, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan cikinmu, iyaye ne da malamai da ɗalibai. Kuturta ba gado ba ce, kuma tana warkewa da haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta taɓa mai ita ko yawunsa. Zabiya kuwa yana fama da raunin gani da zafin rana, don haka labarin da ya nuna shi a kujerar gaba da hula mai faɗi ya koya wa malami ma wani abu.

Wannan sahihanci ya shafi ƙananan abubuwa na yau da kullum. Yaya makauniya ke gane kuɗi ko ta san tuwo ya nuna? Yaya keken guragu ke yi a cikin rairayi ko da damina? A makarantun kurame da yawa alamun da ake koyarwa sun samo asali ne daga na Amurka, tun bayan makarantar da Andrew Foster ya buɗe a Ibadan a 1960, kuma sun bambanta da maganar hannu ta cikin gari, saboda haka mai zane yana buƙatar sanin wadda yake zanawa. Ba a sanin waɗannan abubuwa daga zaune. Marubuci ya je ya tambayi masu abin, a makarantar makafi ta Gindiri da aka kafa a 1953, ko makarantar Tudun Maliki ta Kano, ko kwalejin horar da malaman ilimi na musamman ta Oyo da aka buɗe a 1977, ko ma maƙwabcinsa na unguwa. Mafi kyau kuma shi ne a ƙarfafa wa masu naƙasa su rubuta da kansu. Littafin Al-Ayyam na Ɗaha Husaini, marubucin Masar wanda ya makance yana yaro kuma ya zama ministan ilimi a 1950, ya nuna irin zurfin da labari ke yi idan mai abin ne ya ba da shi.

7.0 Ma'aunan Tantancewa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarar a ƙara waɗannan tambayoyi a takardar tantance littattafan yara:

(a) Tauraron yana da suna da dangi da abokai, kuma yana magana da bakinsa ko da hannunsa?

(b) Yana da wani buri a labarin wanda ba warkewa ba?

(c) Shi ke aikata abin da ke tura labari gaba, ko kuwa kullum shi ake yi wa?

(d) Yana kuskure, ana yi masa faɗa, yana ba da dariya ba tare da an yi wa jikinsa dariya ba?

(e) An nuna shingen da jama'a ko gini suka sa masa, ko an mayar da matsalar duka ta jikinsa?

(f) Labarin zai iya ƙarewa da daɗi alhali naƙasar tana nan?

Domin a ga yadda ma'aunan ke aiki, bari mu ƙaga misali. A ɗauka Laraba 'yar aji huɗu ce mai tafiya a keken guragu. Ranar kasuwa ta manta ta bar ƙyauren gida a buɗe, akuyar kakarta ta fice, ita kuma don tsoron faɗa ta ce ƙanenta Tanko ne. Dole su biyu suka fita nema kafin kaka ta dawo. A hanya keken ya kafe a rairayin bakin rafi, Tanko ya ƙi turawa sai ta yarda za ta faɗi gaskiya. A kasuwar dabbobi Laraba ce ta gane akuyar ta tsagar kunnenta, kuma ita ta tsaya ta yi gardama da wanda ya tsince ta har ya sake ta. Da yamma ta amsa laifinta, kaka ta yi mata faɗa, aka ci tuwo aka kwanta.

Jigon wannan labari gaskiya ne da riƙon amana. Idan aka cire keken, Laraba tana nan da halinta da laifinta da wayonta, wanda ke nuna cewa ita mutum ce cikakkiya. Amma kuma idan aka cire shi, babin rairayi ya rushe, wanda ke nuna cewa ba don ado aka sa shi ba. Tauraron da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje biyu shi muke nema. Haka nan, ba dole ne kullum mai naƙasa ya zama babban tauraro ba. Malamar lissafi mai sanda, ko tela kurma a bakin kasuwa, ko ɗan wasan ƙwallon guragu a cikin zane, duk suna sabar wa yaro da ganinsu a cikin harkokin rayuwa. Ga mai son rubuta labarin gaskiya kuma, ga 'yan wasan Nijeriya masu naƙasa da suka ciyo lambobin zinariya 8 a gasar Riyo ta 2016, a shekarar da tawagar Olamfik ta dawo da tagulla 1 kacal.

8.0 Isar Littafi ga Mai Shi

Akwai saɓani babba a ce an rubuta labarin makauniya amma makauniya ba za ta iya karanta shi ba. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017, da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, sun ba da damar juya littattafai zuwa sigar da makafi da masu raunin gani za su iya amfani da ita. Don haka ya dace duk littafin Hausa da aka amince da shi a manhaja a nemi mawallafi ya ba da kwafinsa na kwamfuta, domin a buga shi da rubutun Braille da kuma manyan haruffa, a kuma naɗe shi a murya. A nan akwai abin da ya shafi Hausa musamman, wato haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Idan ba a shigar da su daidai ba tun a kwamfuta, makahon ɗalibi zai kasa bambanta "baki" da "baƙi" ko "kafa" da "ƙafa", kuma ba shi da zanen da zai duba ya warware.

Jagoran malami ma yana buƙatar gyara. Ya kamata a gargaɗi malami kada ya mayar da ɗalibinsa mai naƙasa abin misali a lokacin darasi, kamar ya ce, "Ga irin su wane nan." Idan yaron ya ga dama ya yi magana a kan rayuwarsa, a saurare shi, idan kuma bai so ba a ƙyale shi ya ji daɗin labari kamar kowa.

9.0 Kammalawa

Wannan tsokaci ya nuna cewa masu naƙasa sun daɗe a cikin adabin Hausa, amma galibi a matsayin abin tausayi, ko abin dariya, ko alamar horo, ko masu jiran waraka, kuma sababbin marubuta sun gaji waɗannan sigogi har sun ƙara da na gwarzon da ba ya kuskure. Mun ba da shawarar a ci gaba da koyar da tsofaffin ayyuka irin su Iliya Ɗanmaiƙarfi da karin magana tare da tambayoyin da za su sa ɗalibi ya yi nazari, a kuma shigar da ma'aunai shida da muka jero cikin takardar tantance sababbin littattafai. Muna kuma kira da a sa malamai masu naƙasa a cikin kwamitocin tantancewa, domin su ne za su fara hango abin da ya shige wa sauranmu duhu. Idan hukumomin manhaja suka fara neman irin waɗannan littattafai a jerin da suke amincewa da shi, mawallafa za su nema daga marubuta, marubuta kuma za su rubuta.